Wata Uku a Hannun Addarku

Labulen ɗakin aka ɗaga, sai ga Addarku ta shigo da farar riga, takardata a hannunta. Ni ina zaune a kan gadon asibitin nan mai tsawo, ƙafafuna ba su kai ƙasa ba, hannun damana a kan cinya kamar na aro. Na kawar da kai na dubi bango. Wuyan ya soke ni har cikin babban yatsa, amma ban juyo ba. Ɗana Bello yana tsaye a bakin ƙofa yana ƙirga katakon silin, shi da ya ce mini wurin masu gashin ƙashi kawai likita ya turo mu. Ya san sarai a ɗakin nan yayarsa take aiki. Ya haura shekara arba'in a lokacin, amma da hannuna yana da ƙarfi da na mare shi.

“Innar su Bello, sannu da jiki,” ta ce.

Na ce wa bango, “Yauwa.”

Ku jikokina da kuka taso kuna hawa kan iyayenku mata kuna ja musu kunne, sai na tsaya na yi muku bayani, don na ji abin da ake faɗa. Ana cewa Inna ba ta son Adda, ta bayar da ita tana ƙarama, ba ta ko kiran sunanta. Sunan kam ba na kira, ko a takardar nan ba zan rubuta shi ba, kun san shi. Ita ce 'yar farina, kuma a rugarmu ta gabas da Jahun mace ba ta nuna ta san ɗan fari. Ba ki ɗaukarsa a gaban mutane, ba ki yi masa wasa, in ya faɗi wata ce za ta ɗaga shi. Nono ma sai kin shiga ɗaki kin juya baya. Da ta shekara biyu aka yaye ta, Goggo Hansai, yayar kakanku, ta zo daga Ringim ta goya ta. Ina tsakar gida ina surfen gero, surukata tana zaune a gindin rumbu tana kallona. Ban ajiye taɓarya ba. Ina jin kukan yarinyar har ya wuce garken shanu, ni kuwa ina ta luguden turmi. Surfe aka ce in yi, da na duba geron ya zama gari. Aka yabe ni ranar, aka ce yarinyar nan tana da kunya. Goggo Hansai ce ta sa ta a makaranta, ita ta aurar da ita, ita take kira Inna har Allah ya yi mata rasuwa. Ni kuma na zama Innar su Bello.

Ciwon kuwa ƙwarya ce ta kawo shi. Sama da shekara arba'in ina ɗora ƙwaryar nono a ka, wata kan wata, daga ruga zuwa kasuwar Jahun, in dawo da hatsi a cikinta. A daminar shekarar da nake ba ku labari ya fara, tsakanin wuya da kafaɗa, kamar an sa gwiwar hannu an danna. Daga nan sai na riƙa jin kamar tururuwa tana gangarowa ta dantse har babban yatsa da manuniya. Yatsun biyu suka mutu. Ina dama wa mutum fura sai ludayi ya suɓuce cikin ƙwarya. Abin da ya fi ci mini rai biro ne. Shekara biyu na yi ina zuwa makarantar manya ta mata bayan rasuwar kakanku, da furfurata ina bin a da ba, na samu hannuna ya fara faɗawa, sai ga biro yana faɗuwa ban san ya faɗi ba. Wanzami ya yi mini ƙaho a dantse har sau biyu, tabon yana nan. Na shafa man shanu da kanwa, na sha rubutu. Duk a hannu muke ta fama, tunda nan ne yake ciwo. Matan ruga suka fara zuwa gaishe ni da irin muryar da ake gaida wanda ɓarin jikinsa zai shanye. Shi ne Bello ya ɗauko ni a mota zuwa Dutse. Likita ya sa aka ɗauki hoton wuyana, ya ɗaga shi a haske ya nuna mini ƙasusuwa jere kamar tsakiya a zare. Ya ce biyu daga ciki sun matso sun danne jijiyar da take zuwa hannu, hannun ba shi da laifin komai. Ya ce a gwada gashi da motsa wuya wata uku. In ƙarfin hannun ya ci gaba da raguwa, sai Kano, a yi aiki.

To ga ni a ɗakin masu gashin. Addarku ta jawo kujera ta zauna a gabana, ta miƙo yatsunta biyu.

“Riƙe nan ki matse iya ƙarfinki.”

Rabona da taɓa hannun nan tun yana kamar ɗanyen dabino. Na dubi Bello na ce, “Tambaye su, babu wata ne a wurin nan?”

Ita ta amsa. “Akwai abokin aikina, namiji ne, gemunsa har nan. In kin fi so in kira shi.”

Bello ya yi tari ya fita. Na kama yatsun. Na matse da hagu, ta ce madalla. Na matse da dama, sai ta yi rubutu a takarda.

Ranar ban koma ruga ba. Ta ce abin kullum ne, safe da yamma, ba zai yiwu daga Jahun ba. Haka na tsinci kaina a gidan suruki, inda ko ruwa ban taɓa sha ba. Maigidanta malamin makaranta ne, mutum mai kawaici. Ya gane halin da nake ciki, in zai shigo sai ya yi ta gyaran murya tun daga ƙofar gida, ni kuma in shige ɗaki. In ina son abu sai in faɗa wa iska. In ce, a ce wa masu gida ruwan wankan ya yi sanyi. Addarku tana tsaye a gabana za ta ce, “Masu gida sun ji.”

Abin da ta koya mini da fari dariya ya ba ni. Ta ce in zauna sosai in ja haɓata baya, ba ƙasa ba, baya, kamar an kawo mini daddawa kusa da hanci. In riƙe in ƙirga biyar in saki. Sannan in mayar da kafaɗuna baya kamar ina son su gaisa. Sannan in juya kai dama a hankali, in tsaya inda ciwo ya ce tsaya, in dawo, in juya hagu. Na ce wa taga, yanzu don wannan aka yi ta karatu a Kano? Ta ce, “Don wannan ne, har da jarrabawa.” Bayan kwana bakwai ta ƙaro na jijiya. In ɗaga hannu gefe daidai kafaɗa, in miƙe shi tafin yana kallon sama, yatsu su ɗan koma baya, a lokacin kaina ya karkata wajen hannun. In na lanƙwaso hannun kuma, kai ya karkata ɗaya ɓangaren. Kai da hannu suna tafiya tare kamar masu rawa. Sau goma, ba ƙari.

“Kin san zariyar wando in ta maƙale a ƙugu,” ta ce. “Kika fizga ta tsinke. Sai dai ki ja nan ki saki can, ki ja can ki saki nan, har ta sami hanya. Haka jijiya take. In kin ji tururuwar ta ƙaru, kin wuce wuri, ki rage.”

Duk wannan zan iya. Wanda ya gagare ni shi ne na ƙarshe. Sai in kwanta rigingine a kan tabarma, ta zauna ta wajen kaina, ta zura tafukanta a ƙarƙashin ƙeyata, ta ɗan ja kan a hankali kamar mai zare ƙaya. Da ta ja sai tururuwar ta tsaya cak. Hannun ya yi shiru. Wata huɗu ban san wannan shirun ba. Amma fuskarta tana saman tawa, ina jin numfashinta a goshina, ɗankwalina ya zame tana ganin furfurata. Sai in runtse ido in ƙanƙame jiki kamar itace. Ta ce, “Saki wuyan, ni na riƙe.” Na kasa. Ba zafi ne ya dame ni ba, daɗin ne. Ina jin idan na saki wuyan nan wani abin ma zai saku, kuma ban san inda zan sa shi ba.

Shi ne na yi wauta, kuma zan faɗe ta yadda take. Na zauna na yi tunani irin na mai tallan nono. An ce goma da safe goma da yamma har wata uku. To in na yi ɗari a rana fa? Ai kwana kaɗan na gama na koma rugata. Kuma wannan lallaɓawar da take yi ban yarda da ita ba. Mu mun saba magani sai ya yi ɗaci ko ya yi zafi, wanzami ma sai ya fitar da jini ake cewa ya yi aiki. Da sun fita aiki da safe sai in je taga, in saƙala yatsuna a ƙarfen, in miƙe hannun sosai, in ja kaina ɗaya ɓangaren iya ƙarfina, har idona ya kawo ruwa. Wutar da take tashi daga wuya zuwa yatsa sai in ce yauwa, ga shi yana fita. Kwana uku ina yi. Da yamma in ta tambaya sai in ce da sauƙi. A rana ta huɗu na tashi zan yi alwalar asuba, na kasa ɗaga buta. Hannun yana ci kamar an tsoma shi a tafasasshen mai, ko zanena ya taɓa shi sai na cije leɓe.

Ta same ni a bakin rariya ina ta kokawa da buta da hannun hagu. Ta karɓa ta zuba mini. Bayan na yi salla ta miƙo yatsun nan biyu, na matse. Ta daɗe tana dubana.

“Me kika yi?”

Na mayar da idona bango.

“Innar su Bello, wannan aikina ne, shekara ashirin ina yin sa. Hannun nan ba haka na bar shi ba. Me kika yi?”

Na nuna taga da haɓa. Ta je ta tsaya a wurin, ta sa yatsunta a ƙarfen, ta gane. Ban taɓa jin muryarta ta tashi ba sai ranar, kuma ba ta tashi sosai ba, rawa ta yi.

“Saurin me kike yi? Wa ya kore ki?”

Ta ɗauki jakarta ta tafi aiki ko karyawa ba ta yi ba. Ni kuma na lalubi wayata na kira Bello na ce ya zo ya ɗauke ni, na gaji da zaman birni.

Bayan azahar ya iso, ita ma ta dawo. Na riga na ɗaure kayana a zane. Muka zauna a falo mu uku, Bello a tsakiya yana ta juya hularsa a gwiwa. Ya fara da cewa, “Inna, ai da kin ƙara haƙuri,” na ce ya rufe mini baki. Sai Addarku ta gyara zama. Ba ta dube ni ba, ƙaninta ta duba, ta yi magana irin yadda nake yi.

“Bello, ka faɗa wa Innarku, in ta koma ruga gobe za ta ɗora ƙwarya, na san ta. In ta ɗora, yatsun nan ba za su dawo ba, naman tafin zai zube, ko an yi aiki ba lallai ya koma yadda yake ba. Ka faɗa mata.”

Bello ya juyo zai maimaita, na ce ina da kunne.

“Ka kuma faɗa mata in hannuna ne ba ta so a jikinta, ba komai. Akwai wata da muka yi karatu tare, zan roƙe ta ta riƙa zuwa, ni in bar musu ɗakin. Kada ta rasa hannu saboda ni. Ni na saba. Tun ina Ringim in ta zo biki nakan tsaya kusa da ita ko za ta aike ni, sai ta aiki 'yar maƙwabta. Na daɗe da sanin matsayina.”

Ta faɗe shi ne sumul, kamar tana karanta takardar magani. Ni duk shekarun nan na ɗauka ta sani. Na ɗauka kowa ya sani, ai haka ake yi, haka uwata ta yi wa yayanmu. Ban taɓa kawo wa raina cewa yarinyar da ta tashi a gari, a gidan da ba a wannan al'adar sosai, za ta ga abin ta ba shi wata fassara ba. Bikin da take faɗa na tuna shi. Atamfa shuɗiya ce a jikinta, ta yi mata yawa, an naɗe hannun. Na aiki 'yar maƙwabta ne don in ta tafi in samu in ci gaba da satar kallon tawa. Wannan ban iya faɗa mata a ranar ba, bakina bai saba ba. A nan nake faɗa, ta karanta da kanta.

Abin da na iya shi ne na ce wa Bello, “Tashi ka kama hanya tun da rana. Ƙorena na nono ka ba matarka, manyan da ƙananan, har da faifan. Na bar talla.”

Ya ce, “Inna, da gaske?”

Na ce, “Ka taɓa jin na yi wasa da ƙwarya?”

Da ya fita na kwance ƙullin kayana na ciro tabarma na shimfiɗa da hannu ɗaya. Na kwanta. Zuciyata tana bugawa kamar ranar da aka kai ni ɗakin miji. Na dubi inda take, ita ɗin, ba bango ba, na ce,

“Ke. Zo ki ja mini wuyan nan.”

Ta taso ta wanke hannu ta zauna ta wajen kaina. Ta ce yau ba za a ja sosai ba, jijiyar ta fusata, sai an ba ta haƙuri. Ta sa tafukanta. Na saki wuyan. Hawaye ya gangara ya shiga kunnena, ta sa babban yatsa ta share.

Mako biyu ta hana ni komai sai ruwan ɗumi a tsumma da jan haɓa. Sannan muka sake farawa daga biyar, tana tsaye a bayana, hannunta ɗaya a kafaɗata ɗaya a wuyan hannuna, tana tafiyar da ni. In na fara sauri sai ta ce, “A hankali, ba kasuwa za mu ba.” In ce, “Ke dai kin samu wuri.” Babban yatsa ne ya fara farkawa, wata safiya na ji sanyin kofi a jikinsa. Daga baya na riƙe allura, na riƙe biro. Likita ya sake gwada hannun ya ce maganar Kano a ajiye ta. Kan manuniya dai har yau kamar da auduga a kai, shi ya sa kuke ganin rubutun nan yana hawa yana sauka. Na kuma biya abin da na biya. Kasuwar da na sani tun ina amarya ta wuce ni, ranar kasuwa sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayi. Labari ya riga ni zuwa ruga, wai an ga Inna kwance kanta a cinyar 'yar fari. Tsofaffi irina har yau akwai masu yi mini wani kallo. Su yi ta yi.

Saura kwana biyar in koma gida, ta dawo daga aiki bayan la'asar, ta zauna a bakin tabarmata tana murza bayan wuyanta. Ta ce yau mutum goma sha wani abu ta gasa, duk a sunkuye. Na ce, “Mai gyaran wuyan mutane.” Ta yi dariya. Na matsa na ce ta kwanta.

“Ni?”

“Akwai wata a ɗakin?”

Ta cire ɗankwali ta kwanta rigingine. Na zauna ta wajen kanta na zura hannuwana yadda take yi. Kan ya yi nauyi, ban zaci haka ba. Akwai furfura a gefen kunnenta, ba ɗaya ba ba biyu ba. Yatsana da ya warke ya ci karo da wani tudu a ƙeyarta, dogo, gashi bai fito a kansa ba.

“Wannan fa?”

“Daga kan ɗinya na faɗo, ina aji uku. Har ɗinki aka yi.”

“Ba wanda ya faɗa mini.”

“Ni na hana. Na ce ko an faɗa ba za ki zo ba, gara kada a faɗa.”

“Da na zo,” na ce. “Da ƙafa ma da na zo. Sai dai in tsaya a zaure in tambayi Hansai.”

Ta ce, “To ja mana. A hankali, kada ki yi mini irin na taga.”

Na ja a hankali, na ƙirga goma, na saki. Na sake. A na huɗu na ji wuyan ya saku a hannuna gaba ɗaya, numfashinta ya canja. Ƙafata ta yi tsami, ban motsa ba. Can sai na ji gyaran muryar maigidanta daga ƙofar gida, yana tahowa yana ƙarawa don in samu in gudu. Ya yi sallama ya ɗaga labule, ya gan mu, ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

Na ce, “Malam, taka a hankali, barci take.”